Gonar Inna Asiya

Kano, 3 ga Maris

Kawu Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya.

Kawu, wata baturiyar ƙasar Sikotland mai suna Morag ta zo sashenmu na tarihi a jami'a. Tana bin salsalar gidansu tun daga wani kakansu na shekara ɗari huɗu baya. Ta gano kowane reshe sai ɗaya, na ƙanin kakanta da ya yi sayen gyaɗa a yankin Makoda wajen 1938. A wasiƙarsa ta ƙarshe ya ce ya bar jaririya, Asiya. Anya ba Inna ba ce, mahaifiyarku?

Ka huta lafiya.
'Yarka, Safiyatu

Makoda, 9 ga Maris

Safiyatu,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke.

Wa ya turo matar nan? Shekara uku ke nan Tasi'u, ɗan ƙanin Inna, yana zagaya gonar bakin rafi da Inna ta gada daga Malam Mati, yana neman ƙwace ta. In aka ce Inna ba 'yar Malam Mati ba ce, ba ta da gado a ciki, ni ma ba ni da shi. Sai yanzu baturiya za ta faɗo daga sama da takarda? Ki bincika wa ya raka ta ofishinki. Asiya kuma ba ɗaya ba ce a ƙasar nan. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

Kano, 15 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, kuma ka yi haƙuri. Morag ba ta san Tasi'u ba, Makoda ma a taswira ta gan ta. Ban gaya mata komai ba.

Amma wani abu ya hana ni sakat. Mama ta sha ba mu labari cewa Malam Mati yakan ƙwala wa Inna kira da sunanta a gaban mutane, har ya ɗauke ta a kafaɗa zuwa kasuwa. Kawu, wane uba ne a wancan zamanin yake kama sunan 'yarsa ta fari? Ina kunyar?

Na bar ka lafiya.
Safiyatu

Makoda, 28 ga Maris

Safiyatu,

Salama a gare ki. Boko bai ci kuɗinmu a banza ba.

Da goyo Malam Mati ya auro uwar Inna daga wani ƙauye, ya ce wa mutane jaririyar tasa ce. Waɗanda suka sani duk sun rasu, saura ni, yanzu kuma ke. Mutum goma sha huɗu ne suke ci daga gonar nan. Abin da za ki gaya wa baturiya ya rage naki.

In tana da hoton baturen, kar ki ba direba, ki kawo mini da kanki. Har Inna ta rasu tana tambayata ko da wa take kama.

Allah ya tsare.
Badaru