Baba Ya Ce Kada Ki Ɗaga Kunne

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya sanyin Turai, yaya maigida da yara? Mu nan Kafanchan lafiya lau.

Na karanta wa Baba wasiƙarki bayan sujada. Na bayyana masa cewa wani haske mai ƙarfi yakan ɓarke can bayan taurari, ku kuma kuna neman girgizar da kuke zaton tana zuwa tare da shi. Da na kai inda kika ce shekara uku na'urarku ta sauraron girgizar shiru, har kina tunanin barin aikin, sai ya ajiye kofin shayinsa.

Ya ce, "Ashe aikina ta gada! Sa'ad da nake reluwe, nakan kara kunne a kan dogo, in ji jirgi tun ba a hango shi ba. Wata rana in yini ban ji komai ba, amma ban taɓa cewa babu jirgi ba. Gaya mata kada ta ɗaga kunne."

Yanzu duk baƙon da ya shigo, sai Baba ya yi masa alfahari cewa 'yarsa tana sauraron sama.

Ki sa mu a addu'a, girbin citta ya gabato. Mama tana gaishe da jikokinta.

Ƙaninki,
Bulus