Ladidi Ta Yaye 'Yarta

Daren Talata, watan Safar, unguwar Utaibiyya, ƙasa mai tsarki

Shekara da shekaru garin nan yana ce mini gobe. Da digirina na Larabci nake lodin kayan alhazai a tashar Kudai, na haɗiye. Yau ma na je neman takardar fitar Sadiku, jaririn da muka ɗauka riƙo bayan rasuwar uwarsa, yaron ofis ya ce, "Bukra, ya Hajj," wato gobe, ko kallona bai yi ba.

Shirinmu mu kai shi Kano, Ladidi ƙanwar matata Rabi ta shayar da shi tare da 'yarta, ya zama muharramin matata. Wata da watanni Rabi na roƙonta ta ƙara haƙuri, muna tafe.

Bayan isha'i Ladidi ta kira Rabi. "Yaya, wallahi na ja iya ja. Ciki gare ni, tun watan jiya na yaye ta."

Rabi ta ce, "Allah ya raba lafiya," ta koma wanke kwalbar madara.

Sadiku na barci a cinyata. Ran da ya balaga, matar da ta raine shi za ta sa mayafi a gabansa. Nonon Ladidi ya ƙafe.