Yaran Madam Lucy

Jalingo,
14 ga Yuli, 1994

Yaya Dahiru,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gajiya. Shekara uku da turo ni nan, ba ƙarin girma, ba mai tunawa da ni. In an samu mai zuwa, a aiko mini da daddawa.

Akwai abin da na ɓoye. Inna tana zaton shanu nake yi wa allura, alhali rabin aikina karnuka ne.

Watan jiya Madam Lucy, wata nas mai kiwon karnuka a unguwar Barade, ta shigo ofis tana haki, ta ce, "Malam, yarana yana zawo da jini!" Na ce, "Madam, asibitin mutane yana gaba." Ta ce, "Kai! Ba can nake aiki ba?" Ashe 'yan kwikwiyo shida take nufi, ba a kai ga yi musu rigakafi ba.

Na ce mata da wuya su tashi. Matar nan ta raba su, ta wanke ɗakinsu tas, ta yi kwana biyar tana ɗura musu ruwan gishiri da sukari da cokali. Huɗu sun rayu. Ni mai takardar shaidar aikin na yanke ƙauna, ita ba ta yanke ba. Ko mutum ban ga an yi wa jinya haka ba.

Ka gaya wa Inna gaskiya. In ta ɓata rai, ka ce ina wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, amma na daina jin kunyar aikina. Ta sa mini albarka.

Ƙaninka,
Mamuda