Kunnen 'Yarki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Allah ya sassauta muku zaman baƙunta. Mu nan da sauƙi, sai ƙafar Baba da take tashi in an yi sanyi. Inna kuwa jikinta lau, amma kwana biyu ba ta cin abin kirki. Dalilin ne ya sa na zaɓi rubutu, don na san a waya muryata ba za ta kai ƙarshen maganar ba.

Kin san bana a kwaleji muka shiga darasin yadda yaro yake girma daga haihuwa zuwa shekara biyar. Malamarmu ta ce kowa ya zaɓi yaro ɗaya, ya lura da shi mako guda, ya rubuta abin da ya gani. Na ce ai ga 'yarki nan a gida, me zai kai ni nesa. A rana ta uku na lura in na kira ta daga baya ba ta juyowa, in kuwa na tsaya a gabanta, bakina take kallo. Irin alamun kurumta da muka kwafa daga allo ne. Washegari tana zaune a tsakar gida tana jera marafan kwalba, na saki murfin tukunya a bayanta. Kaji suka watse, Inna ta fito a firgice. Yarinyar nan ko gezau.

Mun kai ta wurin likitan kunne. Ya ce na dama ya mutu, na hagu saura kaɗan, kuma yana zargin zazzaɓin nan mai zafi da ta yi bayan tafiyarki. Ya ce da an kawo ta a lokacin, wataƙila da an ceci wani abu. Shekara ɗaya da rabi ke nan, Yaya, muna cewa taurin kai ne, wai ta gado Baba. Ni da hannuna na mare ta sau biyu don ta ƙi amsa kira. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan bai sa na yafe wa kaina ba. Duk lokacin da kika kira muka kara mata waya a kunne ta yi shiru, muka ce miki kunya ce ko fushin tafiyarki, ashe ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Waƙar da kike yi mata ma haka.

Rahoton nawa shi ya zo na ɗaya a aji. Malama ta ce in tashi in karanta, na kasa, sai wata ta karanta ina zaune. Ita malamar ce ta haɗa ni da mai koyar da maganar hannu, muna zuwa duk Asabar, har da Inna. Likita ya ce za a gwada mata na'ura a kunnen hagu, amma kada mu sa rai da yawa.

Baba da Inna suna gaishe ki, haka Goggo da Kawu. Ki gaida maigida. Roƙona ɗaya ne: in da hali ki zo, ko na wata guda ne. Fuska kawai take karantawa yanzu, kuma jiya da na nuna mata hotonki, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini shi ta koma wasanta.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.