Fuskar Inna Tana Hannun Wanda Na Wulaƙanta

Anti Mardiyya, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Atamfa nake sayarwa a kasuwar Mubi, sana'ar da na gada wajen Inna. Shekara uku da suka wuce, maƙwabcinmu Vandi, mai rubuta allunan shaguna, ya zana Inna da fenti tana tsince wake a ƙofar gida, ya kawo mana kyauta. Ni kuwa na kai zanen dab da idona, yadda muke duba zani kafin mu sara. Wallahi ba ido ba hanci, sai dabbare-dabbaren fenti, har da shuɗi a kumatu! A gaban mutane na ce ya mai da uwata dodo, na miƙa masa abinsa. Ya karɓa ya tafi. Inna ta yi mini faɗa, ban ji ba.

Da Boko Haram suka shigo gari muka gudu Yola, can Allah Ya karɓi ran Inna. Mun dawo mun tarar gidan ya ƙone, ko hotonta ɗaya bai tsira ba.

Ran Talata na hango zanen a bangon shagon Vandi daga tsallaken titi. Anti, Inna ce sak! Yadda take karkata kai in ta gaji, ga hasken la'asar a gefen fuskarta. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. An ce da zai gudu Kamaru ya bar kayan aikinsa, ya naɗe zanen ya tafi da shi. Ina son zanen, amma da wane ido zan tunkari Vandi?

Mai nadama, Mubi.

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Inna.

Dubin atamfa kika yi wa abin da ba atamfa ba. Irin wannan zane ba ya bin layin ido da hanci. Haske da yanayin mutum yake kamawa, sai an ja da baya launukan suke haɗuwa. Shuɗin nan inuwa ce. Da Vandi ya ce ki ɗan matsa baya, da ba a kai nan ba, wannan sakacinsa ne. Amma cin fuskar naki ne.

A gaban mutane kika ɓata, a gabansu za ki gyara. Kada ki fara da roƙon zanen, kada ki yi zancen saye. Ki ba shi haƙuri, ki gaya masa abin da kika gani daga tsallaken titi. In ya hana, haƙƙinsa ne, sai ki nemi izinin ɗauka a waya.

Amma mutumin da ya bar abin cin abincinsa ya tsallaka iyaka da fuskar mahaifiyarki, ba na jin zai rufe miki ƙofa. Ki je gobe. Allah Ya sanyaya zuciyarki.