Fuskata a Bangon Coci

Zuwa ga ɗana Bindo,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Liyon na ƙasar Faransa. Ina fata kana lafiya, kai da ƙanwarka Tita da kawunku. Ni ma lafiya lau nake. Faransawa sun rantse ba sa sa alharini sai saƙar mutanen garinmu Lukka, saboda haka masaƙa ba ta hutawa. Ido ne kawai ya soma gani dishi-dishi, zare ɗaya yakan zame mini biyu, amma kada Tita ta ji.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lapo falke ya zo daga gida ɗaukar kaya, yana ganina sai ya durƙusa yana dariya. Na ce, "Tashi, tsohon banza, giya ka sha?" Ya ce, "Haba Nera, ai ke ce Waliyyiya Hannatu a bangon cocin unguwarku! Ɗanki ya zana ki, har da hararar."

Bindo, tarbiyyar da na ba ka ke nan? Na kai ka koyon zane don ka ci halalinka, ba don ka sa bayin Allah su durƙusa wa mai zunubi ba. Maza ka je wurin limamin coci ka nemi gafara.

Na yi niyyar cewa ka goge zanen. Amma hanya da nisa, kuma ban san ranar dawowata ba. Ka bar shi. Ranar auren Tita, ka tsayar da ita a gaban bangon, inda zan gan ta.

Allah ya yi maka albarka. A rage yawo.

Mahaifiyarka,
Nera