Juma'ar Micah, Lahadin Ashiru

Inkil, Bauchi.

Zuwa ga yayana Elias,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Patricia da yara, da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya. Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi albarka, masara ta fi mutum tsayi. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, tana shan maganinta duk ranar da ta ga dama, sauran ranakun kuma tana yi wa likita addu'a.

Na zaɓi takarda maimakon waya domin wannan magana ba ta son katsewar layi. Batun ƙanenmu Micah ne da abokinsa Ashiru. Ka san tsarinsu tun suna bakin daga: ran Juma'a Micah ya karɓi gadin Ashiru don ya je masallaci, ran Lahadi Ashiru ya karɓi na Micah don ya je sujada. Ka kuma san ran Juma'a aka kai hari shingen sojan da suke gadi, aka kashe Micah a inda Ashiru ya kamata ya tsaya. Shekara uku ke nan Mama ba ta amsa gaisuwar Ashiru ba. Ba ta taɓa zaginsa ba. In ya yi sallama, sai ta tuna tana da wanke-wanke.

To, watan jiya ya zo da batun tallafin karatu. Shi da waɗanda suka yi aiki da Micah suna son ɗaukar nauyin ɗalibai a jami'a da sunansa, amma sun ce ba za su taɓa sunan ba sai da izinin mahaifiyarsa. Mama ta aika masa cewa ɗanta ba allon talla ba ne. Ni ma, da digirina biyu, na riga na hango komai: rumfa, kujerun roba, babban baƙo ya makara awa biyu, a ɗauki hoto, a manta. Duk da haka na ce ya zo Lahadi da safe mu tattauna kafin in shiga coci. Ya ce kowane lokaci ya yi masa ban da wannan, domin yana bakin aiki. Na yi dariya a zuci. Mutumin da soja suka sallama da raunin ƙafa, yana sayar da hatsi a Fadaman Mada, wane aiki?

Yaya, gani ya kori ji. A Lahadin nan, da Fasto ya ce zai kammala wa'azi karo na uku, na zagaya bayan coci in sha iska. Sai ga Ashiru a tsaye, ya dogara sanda, ya ba katanga baya, ya fuskanci gonakin masara. Masu tsaron ƙofa suka ce mini tun da ya fito asibiti bai taɓa fashin Lahadi ba, ko ana ruwa, kuma ya roƙe su kada su faɗa wa gidanmu. Da na tambaye shi, bai ɗauke ido daga gonar ba. Ya ce ƙofar gaba tana da masu tsaro da yawa, baya ce ba kowa. Ya ce Micah ya riƙe Juma'arsa har ƙarshe, shi kuma ba wanda ya sallame shi daga Lahadi. Na juya na koma ciki. Shekara biyu da rabi muna waƙa, katanga ɗaya tsakaninmu da shi.

Na faɗa wa Mama. Ta ci gaba da tsintar wakenta kamar da bango nake magana. Lahadi ta zagayo, ana fara wa'azi ta miƙe, ta ɗauki kujerarta a gaban dukan zumuntar mata ta fita. Na bi ta. Ta ajiye kujerar gaban Ashiru ta ce masa, “Ɗana, zauna.” Ɗana, Yaya, da kunnena na ji. Ya ce ta yi haƙuri, mai gadi ba ya zama. Ta ce to ita ma ba gurguwa ba ce. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, gwiwarta da ƙafarsa, kujera a tsakiya ba kowa, har aka ce amin na ƙarshe.

Ta ba da sunan, da sharaɗi ɗaya: kowace shekara aminai biyu za a ɗauka tare, ɗaya mai zuwa masallaci, ɗaya mai zuwa coci, kuma kowa zai rubuta dalilin da ya sa a ba abokinsa, ba shi ba. Na bana Salma da Juliana ne. Ni na karanta takardunsu. Na zo da jan biro, ban yi amfani da shi ba. Za a miƙa musu ranar Asabar ta ƙarshen watan gobe, Mama ta ce ka zo, zumunta a ƙafa take.

In ka iso ran Juma'a da azahar, kada ka neme ta a gida. Tana shagon Ashiru tana jira masa har ya sauko daga masallaci. Ba ta bambanta mudun shagon da na gida, masu saye sun fara gane ranar da ake cika musu har ya zube. Na ce mata ta huta, ta ce alkawari kaya ne, kuma ba za ta bar Juma'ar Micah ba mai riƙewa ba.

Ka gaishe mini da Anti Patricia, da Fortune da Lilian. Gwaggo Matta tana gaishe ku, Ashiru ma ya ce a gaida Yaya.

Ƙanwarka,
Ƙauna